Baba Mai Gandu da Maƙogwaron Gwaggo

Duk wanda ya taɓa zama da Baba Mai Gandu a mamak, wato shagon shayi da abincin nan na ƙasan gidanmu a Taman Melati, ya san ba a kawo masa abin sha ya kai baki kai tsaye. Sai ya zare bututun robar nan daga cikin kofi, ya karkaɗe shi, ya ɗaga shi saitin fitila, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa ciki kamar mai duban jinjirin wata. Can sai ya girgiza kai ya ce, "A karkace yake." Ya ajiye shi gefe, ya kafa kai a kofin. Shekara huɗu ana kawo masa bututu, bai taɓa samun miƙaƙƙe ko ɗaya ba. In kuwa ma'aikacin shagon ya yi dabara ya kawo kofin babu bututu, sai Baba ya ce a koma a ɗauko, ai haƙƙinsa ne.

Kuma ba bututun lemo kaɗai ba. Duk abin da ke da rami a tsakiya sai ya leƙa. Ranar da muka je sayen ƙarfen labule a Setapak, sai da ya duba guda goma sha ɗaya, mai shagon tana tsaye riƙe da ƙugu tana kallona, ni kuma ina kallon silin.

Ga waɗanda suka zo garin nan daga baya, Baba surukina ne, mahaifin matata Hadiza, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aikin gadin gandun namun daji a gida, shi ya sa sunan Mai Gandu ya bi shi har nan. Mun kawo shi ne saboda yanar ido. Likita ya duba ya ce aiki ne mai sauƙi, za a cire yanar a sa masa wani ɗan gilashi a ciki, ya koma gida a ranar. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, muna fitowa ya ce da ni, "Dakta, ashe haka kuka shirya? Idon da Allah ya ba ni za a ɓare a cusa mini leda?"

Na ce, "Baba, ba leda ba ce."

Ya ce, "To me ce ce? Kai daktan takarda ne, ba na ido ba. Idon nan ya hango kunnen giwa a cikin duhuwa tun ba ka iya tsarki ba."

Kun san suruki ba a yi masa musu. Sau uku ana sa mana rana, sau uku yana tashi da wata sabuwar cuta. Ranar farko ciwon ciki, ta biyu jiri, ta uku kuwa cewa ya yi ya yi mafarki mara kyau. Ido kuma kullum ƙara rufewa yake, har ya kai in zai sauka daga bene sai ya lalubi bango. Leƙen bututun nan ma, ni dai na san babu abin da yake gani sai hazo, amma wa zai faɗa masa?

Abin da ya fi so a duniya, bayan Uwata, wata tsohuwar bindiga ce ta wurin aikinsu, irin mai sakatar nan, wadda sai ka ja sakata baya ka mayar kafin kowane harbi. Ba tasa ba ce, ta gwamnati ce, da ya yi ritaya can ya baro ta. Amma ita ya saɓa tun ranar da ya kama aiki, kuma kowa a gandun bindigar Baba yake ce mata. Yana yawan cewa yawancin harbinta sama ta yi shi, don korar giwaye daga gonakin mutane da tsorata masu farautar sata. "Ba ta da mugunta," in ji shi. "Murya gare ta."

Wata rana muna cin abincin rana sai ga waya daga Isuhu, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, yanzu shi ne babba a wurin. Baba ba ya sa waya a kunne, a tafin hannu yake ɗora ta ya buɗe murya, don haka duk muka ji. Isuhu ya ce irin harsashin da bindigar take ci ya ƙare, an daina kawo shi, kuma an tattara tsofaffin bindigogi za a yayyanka. Hanya ɗaya ta rage: a kai ta wurin maƙerin bindigogi na gwamnati ya canza mata bututu, ya daidaita ta yadda za ta karɓi harsashin da ake amfani da shi yanzu. Manya sun amince, amma shi ba zai sa hannu ba sai ya ji ta bakin Baba.

Baba ya ture kwano. "A canza mata baki? Isuhu, kai da na koya wa ɗaurin takalmi? Gara a yanka ta da mutuncinta!"

Kwana uku bai ƙara tayar da zancen ba, kuma bai ci abin kirki ba. A rana ta huɗu Isuhu ya turo hoto. Baba ya miƙo mini waya ya ce in gaya masa abin da ke ciki. Na ce tarin ƙarafa ne a ƙasa, guntu-guntu, da ƙotocin katako an jibge su gefe kamar itacen girki. Sai ya ce, "Kira mini yaron nan."

Ya yarda, amma fa da sharaɗi a ransa wanda bai faɗa wa kowa ba. Shi bai amince da maƙerin da bai taɓa gani ba.

Bayan kamar mako guda ya ce mini fankar ɗakinsa tana kaɗawa kamar mai zazzaɓi, kuma ya ji labarin wani tsoho a Sentul, Ankul Mani, wanda ya yi ritaya daga gyaran jiragen ƙasa, yana da injin feƙe ƙarfe a ɗan shagonsa, babu abin da ba ya gyarawa. Na ce a sayi sabuwa mana. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Muka ɗauki fanka muka shiga mota.

Ankul Mani mutumin kirki, ya ba mu kujera, ya karɓi fanka. Kafin ya kunce ta sai na ga Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda a ninke, bayan tsohuwar kalanda ce, ya shimfiɗa ta a kan teburin aiki. Zane ne ya yi da biro, layukan sun hau juna saboda rashin gani, amma kowa ya kalla ya san ko mene ne. Ankul ya sa tabarau, ya duba takarda, ya dube ni, ya dubi ƙofa.

"Ini apa?" Wato mene ne wannan.

Baba ya gyara murya, ya ɗauko Turancinsa na fareti. "Barrel. For rifle. You make, I check."

Jama'a, ban taɓa ganin tsoho ya yi tsalle irin na ranar ba. "Tak boleh lah, uncle! Tak boleh!" Wato ba zai yiwu ba. Yana faɗa yana jan yatsa a wuyansa, yana tura mana takardar kamar garwashi. Kun san ƙasar nan da maganar bindiga. Ga ni malamin jami'a mai kwantiragi, bizata da ta iyalina duk a hannun mutane, ga surukina yana ba da odar bututun bindiga da rana tsaka, ƙofa a buɗe.

Baba ya ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Baba, ya ce injinsa ya lalace."

"Ƙarya kake, Dakta. Na ga hannu ya je wuya. Wannan yaren ko a dajinmu ana jin sa."

Da ƙyar na yi wa Ankul bayani cewa bindigar tana wata ƙasa, ta hukuma ce, tsohon kewarta kawai yake yi. Ya sauko, har ya yi dariya, ya ce to bari ya duba fankar tunda mun zo. Ya juya ta ya juya, ya ce ai lafiyarta lau, noti ɗaya ne babu. Sai Baba ya sake sa hannu a aljihu, ya fito da notin, ya ajiye a tebur, ko kunya babu.

A mota na yi ta shirya maganar da zan yi masa, na kasa furta ko ɗaya. Hadiza ce ta yi aikin da muka isa gida. Ta durƙusa a gabansa yadda ta saba, amma muryar ba ta durƙusa ba. Ta ce daga yau, a waje, babu bindiga, babu harsashi, da Hausa ko da Turanci, in dai ba so yake a kwashe mu gaba ɗaya a sa a jirgi ba.

Ya ce, "To in zan yi magana da Isuhu me zan ce?"

Ta ce, "Ka ce Gwaggo."

Ya ɗan yi tunani ya ce, "Ya dace da ita."

Wallahi da mun san abin da zai biyo baya da mun zaɓi wani sunan. Kullum bayan la'asar, lokacin gari ya waye sosai a gida, Baba zai sauka mamak, ya ɗora waya a tafin hannu, ya yi ta ba da umarni da muryar da yake kiran mutane daga ƙetaren kogi. Ran nan Maman Amira, maƙwabciyarmu ta hawa na shida, ta je sayo roti, gurasar nan tasu, sai ta ji yana cewa, "Isuhu, kada ka bari ya taɓa maƙogwaron Gwaggo sai ya auna sau biyu! Kuma kada ta kwana a ƙasa, sanyi yana yi mata illa. Ka shafa mata mai da hannunka!"

Baiwar Allah ba ta tsaya tambaya ba. Kafin magariba labari ya zaga duk matan Hausawan Taman Melati da Setapak: gwaggon Hadiza tana kwance za a yi mata aikin maƙogwaro, kuma Hadiza don zurfin ciki ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mata biyar, kowace da kula a hannu. Suka zazzauna a falo, aka gaisa, fuskoki a jimame. Hadiza ta buɗe baki za ta yi bayani, Baba ya riga ta.

Maman Amira ta ce, "Baba, ashe Gwaggo ba lafiya? Ya jikin nata?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Tana hannun masu aiki."

"Allah sarki. Ta manyanta ko?"

"Ta girme ni."

"Tana dai iya cin abinci?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Ai matsalar ke nan, 'yata. Abin da ta saba ci an daina yin sa. Wanda ake samu yanzu kuma ba ya wuce mata."

Matan suka haɗa baki, "Wayyo! Tsufa ke nan."

Wata ta ce, "Tana magana kuwa?"

"Rabonta da magana an daɗe. Da kuwa, in ta yi magana sau ɗaya, giwa ma juyawa take."

Suka ce lallai Gwaggo ta yi zamani. Hadiza ta tashi da gudu ta shige kicin, na bi ta na same ta ta cusa mayafi a baki, hawaye na zuba, kafaɗu na rawa. Maman Amira ta leƙo ta gan ta haka, ta rungume ta tana cewa, "Yi haƙuri, za ta tashi in sha Allahu."

Bai tsaya nan ba. Ranar Juma'a, da muka taru cin abinci bayan masallaci, Malam Bashir mai ja mana addu'a ya ɗaga hannu ya roƙa wa Gwaggo lafiya, Allah ya sa a yi aiki a sa'a, ya mayar mata da muryarta. Amin ɗin Baba ta fi ta kowa ƙarfi. A hanyar gida na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, anya wannan bai zama yaudara ba?"

Ya tsaya cak. "Faɗa mini kalma ɗaya da na yi ƙarya."

Muka ci gaba da tafiya.

Daga baya Hadiza ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta faɗi gaskiya. Huɗu suka yi dariya har da riƙe ciki. Maman Amira kuwa ta hau har gida ta ce a ba ta kularta, kuma tana son sanin wanda ya shanye farfesun kan ragon da ta yi wa mara lafiya. Baba ya ce, "Ni ne. Ai ni ke jinyarta." Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

Ranar gwaji ta kama Alhamis, ƙarfe biyar na yamma a nan. Na rufe tagogi da kaina, na rage ƙarar waya, Baba ya ƙara ta. Isuhu ya kira ta bidiyo daga filin gwajin harbi, maƙerin yana tsaye kusa da shi, wani mai sanyin magana. Ya gaida Baba da ladabi ya ce, "Baba, ƙotarta tana nan yadda ka bar ta, har da inda hannunka ya cinye. Sakatar ma ita ce, gyara kawai na yi mata."

Baba ya ce, "Ja ta in ji."

Muka ji ƙaras, ƙaras. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai. "Ita ce. To bismilla."

Aka harba. Ƙarar ta cika falon, na dubi ƙofa. Baba bai motsa ba. Aka sake, aka kuma sakewa. Sai ya ce a hankali, "Ba muryarta ba ce. Tata ta fi kauri."

Isuhu ya ce, "Baba, bari ka ga takardar." Ya taka har inda aka kafa ta, ya kawo ta gaban waya. Baba ya kai wayar dab da hancinsa. Ya nisanta ta. Ya juya wajen taga, ya ce in buɗe labule, na buɗe. Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Isuhu yana ta cewa, "Ka gani, Baba? Ka gani?"

Can ya ce, "Uwata, ina suka faɗa?"

Hadiza ta matso, ta kama yatsansa ta ɗora a kan gilashin wayar. "Nan, Baba. A tsakiya. Duka ukun, kusa da juna."

Ya bar yatsan a wurin ya daɗe. Sannan ya yi wa maƙerin godiya, ya sa masa albarka, ya ce wa Isuhu ya riƙe ta amana, aka kashe waya. Na ɗauka ɗaki zai shiga. Sai na ji ya ce, "Dakta."

"Na'am, Baba."

"Likitan nan naka. Yana aunawa kafin ya yanka?"

"Yana aunawa, Baba. Har da na'ura."

"To kira shi. Kada a ce Gwaggo ta fi ni ƙarfin hali."

Wannan karon bai yi ciwon ciki ba, bai yi mafarki ba. Shi ya riga mu shiryawa, da hularsa ta zuwa Juma'a. Washegari da aka cire masa bandeji, ya ƙifta ido, ya dubi bango, ya dubi hannunsa, sannan ya tsaya a kan fuskar Hadiza. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Uwata, kin fara furfura ba ki gaya mini ba." Ta yi dariya tana share ido. Sai ya juyo kaina, ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a ƙoƙon kai.

"Wannan kuma wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "A'a. Ni dai mai gashi na aurar wa 'yata."

Har nas ɗin da ba ta jin Hausa sai da ta yi dariya, don ta ga inda yake nunawa.

Bayan an yi masa ido na biyu mun zaci zai ce a mayar da shi gida. Hadiza ta ce babu inda za shi, tunda mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya, wa zai kula da shi a can? Ya yi 'yar gardama ta kwana biyu don kada a ce bai yi ba, ya zauna. Sauran kun sani. Kun gan shi a sahun gaba, kun sha faɗansa a kan tsayuwar sahu, wasunku ya raka ku asibiti, wasu ya sasanta ku da matanku ba tare da kun gayyace shi ba.

Ciwon da ya tafi da shi bai yi mako biyu ba. Ƙirji ne. Ya cika da safe, bayan ya sha kunun da Hadiza ta dama masa, kansa a kan hannunta. A nan muka binne shi, ana yayyafi, nesa da dajin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki.

Da mutane suka watse, na sami Hadiza zaune a bakin gadonsa tana ninke kayansa. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa da mun sani da mun kai shi gida ya cika cikin danginsa. Ta girgiza kai. Ta ce ita tun tana ƙarama sau biyu a wata take ganinsa, ya zo da ƙura ya koma da asuba. Ranar sunanta yana daji, ranar saukarta yana daji. Ta ce, "Sai a garin nan na san yadda mahaifina yake tashi da safe. Na san yana waƙa in yana alwala. Shekara arba'in ban sani ba."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ƙasar baƙunci ta yi masa taushi. Allah ya ba Uwarsa haƙuri, ya sada su a inda ba a rabuwa. Amin.